Dattijon da Na Gaisar a Faransa

Ni da ko kasuwar Woolwich ta nan unguwarmu a London sai an ja ni, ɗana Nura ya yi mana booking na yawon keke a ƙauyukan Faransa. Muna hawa tudu muna gangarawa, sai na hango dattijo da malafa cikin gonar alkama, tsayuwarsa sak ta marigayi babana. Nura ya wuce fyuu.

Na ce, “Kai! Haka ake wuce babba? Tarbiyyar London ke nan!”

Na sauka daga keke, na durƙusa. “Sannu da aiki, Baba.” Shiru. Na ƙara murya, sai tsuntsu ya sauka kan malafar. Ashe mutum-mutumi ne.

Har yau, in na yi tagumi bakin taga, sai matata ta ce, “Malam, in kewarsa ce, Nura ya mayar da kai. Yana nan tsaye inda ka bar shi.”