Sau Uku Ina Neman Soja, Sau Ɗaya Soja Na Nemana

Jiya Talata tun da hantsi na tura babur ɗina gidan mai, na shiga layi bayan wani ɗan kabu-kabu da ya ce shi tun da aka sallame sallar asuba yake wurin. Maƙwabcina Mamman mai markaɗe yana bayana riƙe da jarka. Muka yi ta matsawa taku-taku har aka kira azahar. Saura mutum huɗu a zo kaina sai ga jiniya. Motoci uku baƙaƙe wuluk, na wani Mai Girma da ban ga fuskarsa ba, amma na ga girman tankinsa. Aka buɗe musu ƙofar fita suka shiga ta nan, suka sha suka ƙoshi, suka yi gaba. Mai ba da mai ya rataye tiyo, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Jama'a, sai an kawo."

Ni dai ban yi fushi ba. Ai manya ne. In ba su sha mai ba, da me za su je taron da za a tattauna matsalar mai?

Haka na kamo hanyar Damba ina tura babur, Mamman na kaɗa jarkarsa fayau. Muna cikin tafiya sai ga samari kusan talatin, gajerun wanduna, gumi sharkaf, suna gudu suna waƙa. Suka wuce mu fuu.

"An buɗe ɗaukar soja ne, atisaye suke," in ji Mamman. Ya dube ni ta wutsiyar ido. "Malam Ɗahiru, ko in riƙe maka babur ka bi su? Na ji an ce kai tsohon hannu ne a harkar."

Ya yi ta dariya har jarkar na faɗuwa. To tun da Mamman ya tono, gara in ba ku labarin da bakina kafin ya ba ku da nasa, don shi in ya ba da labari sai ya ƙara masa barkono.

Ni tun ina ƙarami babu abin da nake so irin soja. A tashar Bungudu na fara ganin wani ya zo hutu, kaki ya sha sitaci har yana iya tsayawa ba mutum a ciki, takalmi kuwa kana iya gyara hularka a jikinsa. Direba ya sauke wani attajiri daga gidan gaba ya ce, "Ofisa, bisimilla." Daga ranar na ce na ga sana'a. Ina son faretinsu, ina son badujala, ina son yadda suke magana gajeriya a gama. Abin da ban sani ba shi ne, kafin ka ga kakin nan sai ka ga abubuwa.

Karo na farko tsawo ne ya kayar da ni. Abokina Sahabi, mutumin Tsafe, dogo kamar sandar rake, shi ya ba ni shawarar in riƙa yin reto a reshen darbejiya kullum da safe, wai jiki zai miƙe. Wata guda ina rataye kamar shanya. Da na ga abin ba ya ci, sai na bar suma ta taru, na taje ta ta yi tozo. Ranar awo aka ce kowa ya cire takalmi ya jingina da bango. Mai awon, wani baƙin sajan mai jajayen idanu, ya dubi sumata, ya dubi fuskata, ya ɗora katako a kaina ya danna har sai da na ji wuyana ya shige kafaɗa.

"Gashi ba ya harbi," in ji shi. "Saura kaurin yatsa ɗaya. Je ka ci tuwo, ka dawo baɗi."

Na je na ci tuwon, kuma Allah da ikonsa na ƙara yatsa ɗaya da rabi. Sahabi kuwa tun a karon farkon nan aka ɗauke shi, ya tafi ya bar ni da darbejiya.

Karo na biyu takardar shaidar asali ce. Baba mutumin Tsafe ne, Inna 'yar Rawayya ce ta ƙasar Bungudu, ni kuma a Gusau aka yanke min cibiya. Mai hatimi na farko ya ce in tafi garin ubana. Na biyu na tarar ya tafi ta'aziyya da hatimin a aljihu. Da ya dawo bayan addu'ar bakwai ya ce ai mahaifina ya daɗe da barin gari, in gwada dangin uwa. Na uku ya cire tabarau ya ce, "Samari, tun yaushe aka fara gadon gari ta wajen uwa?" Mako biyu ina zarya a kan titin nan, har direbobi suka ɗauka sabon kwandasta ne, wani ya miƙo min igiya in ɗaure masa buhunan gero. Ranar da takarda ta fito, da hatiminta ja jawur, ranar ta cika kwana ɗaya da rufe karɓa.

Kada ku tambaye ni shekaruna a lokacin. Sun kai ashirin da biyu suka tsaya cak, suna jira a ɗauke ni.

Karo na uku kuwa na shirya. Tsawo ya cika, takarda na cikin leda, ledar na cikin wata ledar. Aka sake mu gudu, mu ɗaruruwa, daga fili zuwa bakin titi mu dawo. Na ga ƙarti suna zubewa a gefen hanya suna kiran iyayensu mata. Ni ne na tara. Aka shiga da mu wajen likita, aka ce a tuɓe, a yi tari, a buɗe baki. Ya duba haƙorana ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen ragon layya, ya buga ƙirjina ya saurara, ya rubuta lafiya lau. Wannan tuɓewar a gaban mutane ita ce abin da na fi tsana a duk harkar, amma na daure.

Da na koma gida ina murna, sai masu sanin duniya suka ce, "Gudu daban, suna a takarda daban. Wa ya tsaya maka?" Na ce Allah. Suka ce haka ne, amma ka nemi wanda zai tuna wa masu rubutu.

Inna ta kama zabbi biyu mafi ƙiba a garkenta, ta haɗa da kwalbar zuma, ta ce in kai wa wani babban mutum da ake cewa alƙalaminsa na kaiwa inda ƙafa ba ta kaiwa. Bari mu kira shi Mai Girma Ka-bar-min-komai, don kalmar da ya fi iyawa ke nan. Kwana uku ina zaune a ƙofar gidansa, ni da zabbi, muna kallon juna. Rana ta uku aka shigar da ni. Yana kishingiɗe, waya biyu a kunne biyu. Na durƙusa na yi bayani. Ya karɓi takarduna ya miƙa wa wani ɗan aikensa mai hular zanna, ya rubuta lambata a bayan katin ɗaurin aure.

"Na tara a gudu? Madalla! Irinku ƙasa ke nema. Tashi ka tafi, ka bar min komai."

Bayan mako uku aka liƙa sunaye. Na kutsa cikin turmutsitsi na bi da yatsa, sai ga shi: Ɗahiru Tambaya, da lambata, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka ɗauka haihuwa aka yi. Na je wajen wanzami ya kwashe sumar nan tas. Aka saya min bokiti da akwatin ƙarfe. Na bi dangi gida-gida ina sallama, tsofaffi na sa min albarka, yara na sara min. Asabe, wadda a lokacin nake nema, ta ce za ta jira ni ko shekara nawa ne.

Ranar tafiya muka taru a fili, motoci na jira. Ana kiran suna, mutum ya amsa ya shiga. Aka ce, "Ɗahiru Tambaya!"

Na ce, "Sa!"

Wata murya a bayana ita ma ta ce, "Sa!"

Na waiwaya. Wani saurayi ne sumul-sumul, kumatu kamar an hura, wanda ko a mafarki ban gan shi a wajen gudu ba. Mota ce ta kawo shi, har da mai riƙe masa jaka. Mai kiran suna ya ce mu matso. Saurayin ya miƙa takardu, na leƙa: sunana, lambata, takardar asalin da na yi mako biyu ina nema, sai dai hoton ba nawa ba ne. A gefe kuwa ga mai hular zanna, ɗan aiken Mai Girma, yana duban sama kamar mai neman jinjirin wata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ni ne Ɗahiru Tambaya."

"Ina takardunka?"

"Suna wajen Mai Girma."

"To shi ga nasa a hannu. Kai wa ya ce ka riƙa amsa sunan mutane?"

Da tsallen kwaɗo na bar filin nan, hannu a kunne, bokitina na rataye a wuya yana ba ni kiɗa har bakin ƙofa. Wannan shi ne kaɗai horon soja da na taɓa samu, kuma in gaya muku gaskiya, na iya shi.

Ban zargi Mai Girma da ƙarya ba, don bai yi ba. Cewa ya yi in bar masa komai, na kuwa bar masa komai, har da sunana.

Na haƙura na shiga kasuwa koyon ɗinki. Kwana goma sha biyu da fara zama a kan keke, sai aka aiko wai in zo gida maza, ga baƙi. Na tarar da mutum biyu masu kaki a tsakar gida, Inna tsaye riƙe da muciya. Ashe takwaran nawa kwana tara ya yi a wajen horo. Ya ga gudun asuba, ya ga wake mai ruwa, ya ga babu mai riƙe masa jaka, sai ya haura katanga ya ɓace. Aka duba takarda, aka ga adireshin gidanmu. An zo kama Ɗahiru Tambaya da laifin gudu daga aiki.

Inna ta ce, "Ku tsaya in gane. Wanga yaro ya zo shiga kunka kore shi. Yanzu kuma kun zo kama shi don ya hita? To ta ina ya hita, shi da bai shiga ba?"

Babban cikinsu ya fito da hoto, ya dube shi, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ni a lokacin baƙin ciki ya tsotse ni, wuya kamar mariƙin lema. Ya ce wa ɗan'uwansa, "Ko wata uku wannan ya yi a daji ba zai zube haka ba." Suka sha ruwa, suka ba Inna haƙuri, suka tafi. Kumatun wani ne suka cece ni. Amma ban sani ba ko an gyara takardar. Yana yiwuwa har yau a wani kabad akwai fayil da ke cewa ni matsoraci ne.

Dariya muke yi, amma akwai inda abin ke min ciwo. Sahabi ya yi shekara goma sha bakwai a bakin daga, ya dawo Tsafe yana jan ƙafa ɗaya, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba. Irinsu in na gan su a shingen hanya cikin rana, hular kaina nake ji kamar in cire. Gonar gadonmu da ke can cikin daji damina uku ke nan ba mu taka ta ba, kowa ya san dalili. Kullum manya na cewa jami'ai sun yi kaɗan. To ga samari can suna gudu a titi da cikinsu ba komai, suna roƙon a ba su dama su tsare garinsu. A auna tsawonsu, a duba haƙoransu, wanda ya faɗi ya faɗi. Amma wanda ya ci, don Allah a bar masa sunansa.

Watan jiya ma na sake haɗuwa da Mai Girma Ka-bar-min-komai. Ya ƙara girma, rigar ma ta ƙara faɗi. Unguwarmu ta kafa 'yan sintiri, aka zaɓe ni shugaba, ni na ɗinka mana kakin da hannuna, na zuba masa sitacin da na daɗe ina buri. Aka kafa rumfa, aka kawo masu ɗaukar hoto, Mai Girma ya zo ƙaddamarwa. Ya yi jawabin awa guda a kan sadaukar da kai. Sannan aka kira ni, ya miƙo min usur da tocila sabuwa fil, muka riƙe tare muna murmushi.

"Sunanka fa?" in ji shi.

"Ɗahiru Tambaya, ranka ya daɗe."

Ya ɗan karkata kai. "Sunan nan kamar na san shi."

"Ai ka taɓa aronsa, ranka ya daɗe."

Ya ƙyalƙyale da dariya ya dafa kafaɗata, ya ce wa jama'a, "Kun ga irin mutanen da nake so, masu raha!" Aka tafa.

Ana gama hoto, mai hular zanna, wanda yanzu furfura ta cika masa gemu, ya matso ya ce in kawo usur da tocilar, za a ƙaddamar da na unguwar gaba da la'asar. Na miƙa ba gardama.

Da na koma gida na ce wa Asabe, wadda ta cika alkawarin jira duk da ba inda na je, ta kira ni da cikakken sunana da ƙarfi. Ta ce lafiya? Na ce ta dai kira. Ta kira, na amsa, muka yi shiru muna saurare. Ba wanda ya amsa a bayana. Alhamdu lillahi, wannan karon da usur da tocila kawai suka tafi.