Injin Auna Idon Mai Girma

Jama'a, ranar kasuwar Batsari na bar babur ɗina a layin mai, na ɗora masa dutse a kan kujera don kada a ce ba ni da wakili, na taka sayyadata na raka amini na Hamma wajen manya. Ƙasa mai arzikin mai ke nan, Allah ya ƙara mana.

Hamma makiyayi ne a wajen Ruma. Ciwo ya faɗa wa garkensa, har ya kama jar saniyar da gyatumarsa ta bar masa. Allurar shanu kuwa ta iso tun kafin shuka, tana kulle a sito, kuma ba mai buɗewa sai Mai Girma Uban Makullai ya ce a buɗe.

Muna shiga muka tarar da ci gaba ya riga mu isowa. An sayo wani inji daga ƙasar waje an girke a gaban Mai Girma, ya manna fuska yana leƙe ciki. Wani ɗan kwat, Malam Uwaisu, shi ke tsaron injin. Ya ce mana masu ilimi sun gano in mutum na tunani mai nauyi, baƙin nan na tsakiyar ido buɗewa yake, in kai ya huta sai ya tsuke.

"Manyanmu na kashe kansu da tunanin talakawa," in ji shi. "Da baƙin ya wuce jan layin nan, sai gidan hutu."

Wallahi na yaba. Shekara da shekaru muna zagin bayin Allahn nan, ba wanda ya taɓa tambayar nauyin da ke kansu, ban da na hula.

Masinja Mati ya ja mu gefe. Ya ce mutanen Zakka sun zo kwanakin baya, suka faɗi gatsau cewa rijiyarsu ta rufta. Ido ya buɗe, aka kwashi Mai Girma zuwa gidan hutu, sai yau ya dawo. "Ku lallaɓa shi, Malam. In ya tafi, da makullan yake tafiya."

To, muka durƙusa. Na gaida shi da kwana, da gajiya, da iyali, da damina, na koma na sake gaida gajiyar. Uwaisu na gyaɗa kai, ido lafiya lau. Sai na fara sassaƙa maganar.

"Ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne. Shanu ne suka ɗan yi mura. In da hali, ba don mun isa ba..."

Hamma ya gaji da ni. Bafulatanin da ko yunwa ba ya faɗa a gaban mutane, sai ga shi ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, mutuwa suke yi."

Na ce a raina shi ke nan, ya ɓata mana aiki. Uwaisu ya duƙa ya duba da kyau, ya ɗago yana murmushi.

"Alhamdu lillahi. Ko motsi bai yi ba."

"Za a duba," in ji Mai Girma.

Muna cikin godiya direbansa ya leƙo, ya ce dillali na tambaya, sabuwar motar fara za a kawo ko ruwan toka? Jama'a, ban ga cikin injin ba, amma na ga Uwaisu ya zabura yana kiran a kawo ruwan sanyi. Mutum biyu suka riƙe Mai Girma zuwa waje, makullai na kacau-kacau a aljihun babbar riga. Ni ma na tausaya, zaɓen ba sauƙi.

Babur ɗina na nan inda na bar shi, layin man bai motsa ba, an dai sace dutsen. Muka samu wata akori-kura ta rage mana hanya, muka ƙarasa rugar a ƙasa.

Jar saniyar na kwance a gindin marke, ta riga ta cika. Hamma ya tsugunna ya dafa wuyanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi cikin nata. Baƙin nan ya buɗe gaba ɗaya, har ba ka ganin gefensa.

Saboda haka in Malam Uwaisu na karanta shafin nan, don Allah ya ɗauko injinsa ya zo Ruma. Mun samu wadda ta fi Mai Girma tunani a duk ƙasar nan, kuma ta tafi hutunta ba ta jira izinin kowa ba.