Ƙayar Kifin Ikko

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe biyu saura kwata na wata ranar Laraba ba, ko da na so. Mu uku ne a teburin: ni, da Alhaji Sambo shugaban sashenmu, da Malam Ɗan'ige mutumin Bukkuyum, wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Wurin wani otal ne a kan duwatsun Jos, inda masu hali ke zuwa shan iska. Mu kuwa taron bita ya kai mu, farkon dawowar mulkin farar hula.

Bari in bi abin daki-daki. Ni ɗan Gummi ne, gidanmu na masunta ne, kuma da abu ɗaya aka san mu: cire ƙayar kifi daga maƙogwaro. Idan ƙaya ta maƙale wa yaro, gidanmu ake rugowa da shi, a shafa masa wuya, a yi masa tofi a ruwa ya sha, ya koma gida yana wasa. Da mahaifinmu ya rasu ni na gada, don ni ne babba, kuma aikin ofis bai sa na bari ba.

To, aka kawo abinci: shinkafa, da jatan lande, da wani dogon kifin teku da aka ce daga Ikko aka kawo shi cikin ƙanƙara. Alhaji Sambo ya dube shi ya ja baya.

"Ni wanga kifi ban yarda da shi ba. Garin da babu gulbi, mi ya kawo kifi?"

"Ranka ya daɗe, ci abinka," na ce. "Da maganin ƙaya kake zaune. Mu ƙaya ta san mu, ba ta tsaya muna."

Ban tsaya nan ba. Sai da na jera musu kifayen gulbinmu bisa daraja: giwan ruwa, ragon ruwa, tarwaɗa, sannan ƙarfasa. (Babu wanda ya tambaye ni. Ina so a lura da wannan.)

Cin kifi a gidanmu yana da ƙa'ida. Da farko ka wanke hannu. Na biyu ka buɗe kifin ta baya ka zare babbar ƙaya. Na uku, kowace loma sai yatsu sun laluba ta kafin ta kai baki. Har na naɗe hannun riga, sai na waiga na ga kowa a ɗakin da wuƙa da cokali mai yatsu yake ci. Na ji kunya kada a ce ƙauyawa sun zo. Na sauke hannun rigata, na ɗauki cokali.

Ban yi nisa ba na ji ƙaya a maƙogwaro. Ta tsaya cak.

Na yi gyaran murya a hankali, ba ta motsa ba. Na haɗiye shinkafa ba tauna, ta ƙara shiga. Sai na cusa hannu ƙarƙashin wuyan riga ina shafawa, ina karanta abin da mahaifina ya koya mini, hawaye na zuba. Ɗan'ige ya taɓa Alhaji.

"Alhaji, duba, likita na yi wa kansa aiki." Ya juyo gare ni. "Malam, gaya mata sunan gidanku mana. Baƙuwa ta, ba ta san ka ba."

Kafin a jima an kewaye ni. Wannan ya kawo ayaba, wancan burodi, wata mata da ban sani ba tana dukan bayana kamar tana kaɗe tabarma. Daga ƙarshe asibiti aka kai ni. Wata ma'aikaciyar jinya, sa'ar 'yata, ta haska tocila, ta sa hantsaki ta zaro ƙayar. Ba ta kai farcen ɗan yatsa ba.

"Baba, a garinku ba a cin kifi ne?" ta tambaye ni cikin tausayi.

Ɗan'ige sai da ya dafa bango. Da dariyar ta sake shi, ya roƙi a naɗe masa ƙayar a takarda. Ranar kasuwar Gummi ta farko bayan dawowarmu, babu rumfar da ba ta gan ta ba.

Da na shiga gaida Inna, da tambaya ta tare ni.

"An ce da cokali ka ci?"

"Mai yatsu ne, Inna."

"Naka yatsun gida ka bar su?"

Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya fi ƙarfina ya zo bayan sati guda. Ina zaune a zaure wata mata ta shigo a guje da ɗanta, yana riƙe da wuya. Na miƙe na miƙa hannu. Ta gaishe ni da ladabi, ta ja yaron jikinta, ta ce, "Malam, ƙanenka na ciki?"

Tun ranar wurin ƙanena ake zuwa. Ni dai na koyi cewa mutanen otal ɗin da na ji kunyarsu ko sunana ba su sani ba, waɗanda suka san shi kuwa har yau ba su manta ba. Saboda haka, mai karatu, ina da roƙo ɗaya. Idan ka zo Gummi aka nuna maka ni, ka gaishe ni ka wuce. Kada ka yi gyaran murya.