Tsuntsayen da Ke Cin Dawata Ba Su da Suna Tukuna

Maruta, ta Gwaram,
Oktoba, 1976.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Rajistar Tsuntsaye, masanin fiffike da baki, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga na sama, ina tuna maka da ni. Ni ne manomin da ya ba jami'anka fura lokacin da suka zo da madubin hangen nesa suna duba jan-bakin da ke cin dawarmu. Ni ne kuma, don neman suna, na gaya musu namu sun fi na ƙauyen Kangire hasken fuska. Bakina ya ja mini, na sani.

Na ɗaya. Jirgin feshi ya zo, ya yi wa Kangire aiki, ya wuce ta kanmu muna ɗaga masa hannu. Da na bi sawu, aka ce takardarsa ta jan-baki ce zalla, namu kuwa ana bincike, wataƙila wani jinsi ne dabam. Ranka ya daɗe, dawar da suke ci ita ma wani jinsi ce?

Na biyu. An ce littafin Turawan Ingila ya haɗe namu da jan-baki, na Faransa ya raba su, sai kwamiti ya zauna bayan kaka. Na san bana shekarar rabo ce, jihohi goma sha biyu sun zama goma sha tara. Amma su tsuntsayen an sanar da su? Na ga har yanzu tare suke sauka, ba mai tambayar ɗan'uwansa takarda.

Na uku, kuma nan ne abin ya daina ba ni dariya. Saura kwana goma sha biyu dawa ta nuna, kuma ita ce abincin mutum tara. Maiɗakina Hapsatu ta yi ihu a gona har muryarta ta dushe, ni kuma majajjawa ta kusa cire mini kafaɗa.

Don rage wa kwamiti wahala, mun yi namu binciken. Mun kama masu farar fuska da masu baƙa, Hapsatu ta soya su a kasko ɗaya. Gidan nan kaf ba wanda ya iya bambance su.

In jirgi ba zai zo ba, muna gayyatar kwamiti ya zo ya ɗanɗana da kansa. Sai dai ku taho da tuwonku.

Naka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa,
Badaru Maikano.