Ƙirjin Mantau a Zauren Surukai

Mantau ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ba yadda zan yi. Yana zaune da matarsa Lantana da tsohuwarmu. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Wata rana ya je asibitin sha-ka-tafi, wai gabansa na yawan faɗuwa. Malam Haladu mai ba da magani ya ce, "Lafiyarka ƙalau. Tsoro aikin jiki ne, gadon kakannin kakanninmu da suka zauna da kuraye. Zuciya na bugawa ne don ƙafa ta gudu. Ka riƙa sauraron jikinka."

Wata rana, ranar kasuwa, ya hau tudu da buhun gero a ka, zuciya ta hau bugawa. Sai ya yar da buhun ya zura da gudu. Kasuwa ta watse, mai manja ta yi ɓari. Da aka tare shi aka ce me ya gani, ya ce, "Ni ban gani ba, jikina ne ya gani." Na daɗe ban leƙa kasuwar nan ba don kunya.

Wata rana kuma ana suna a gidan surukansa, mahaifin Lantana ya miƙo masa hannu su gaisa. Kunyar suruki ta kama shi, ƙirji ya buga. Wallahi ta kan zana ya tsallake, ya shure tukunyar miya! Lantana ta ce ba ta koma gidan da za a riƙa nuna ta da baki. Tsohon ya ce a kawo takardarta.

Na ja shi muka koma wurin Malam Haladu. Ya ce, "Kunya ba ta gudu ba ce. Jiki kan yi zufa, murya ta yi rawa, don mutane su ga ka san laifinka. Kada ka ɓoye musu."

Ranar biko na shirya kalamai masu daɗi. Ban buɗe baki ba Mantau ya matsa gaban tsohon.

"Baba, ga zufa, duba. Ga gwiwata tana rawa."

Ya kamo hannun surukinsa, surukinsa fa, ya ɗora a ƙirjinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya so ya janye, Mantau ya riƙe gam.

Can Lantana ta yi tari a bayan ƙofa.

Mantau ya ce, "Ka ji bugun ya ƙaru, Baba? Wannan ba kunya ba ce. Malam bai gaya min sunansa ba."

Tsohon ya bar hannunsa a ƙirjin. Sannan ya ce, "Ni na san sunansa. Lantana, ɗauko kayanki."