Rasuwar Alƙali, Ma'aunin Zafin Gidan Sista

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyin da har yanzu ba su warke daga durƙuso ba, iyalan gidan Sista, tsohuwar nas ɗin nan da ta yi ritaya, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa ɗaga hammata a falonta cewa ma'aunin zafin jiki na gidan, wanda aka fi sani da Alƙali, ya riga mu gidan gaskiya. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, yana da shekara talatin da huɗu a duniya, ba tare da ya yi jinyar ko da minti ɗaya ba.

Marigayin siriri ne, ɗan gilashi, bai fi tsawon alƙalami ba. Jijiya ɗaya tal gare shi, ita ma ta zaiba ce, wato ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa. Ya shigo gidan shekarar da Sista ta haifi ɗanta na biyu. Maigida, da yake kafinta ne, ya sassaƙa masa ɗan akwati na katako, aka shimfiɗa masa auduga, aka ba shi saman kabad inda hannun yaro ba ya kaiwa. A nan ya zauna duk rayuwarsa, bai taɓa neman batir ba, bai taɓa cewa a kai shi gyara ba.

Sunan Alƙali kuwa ba a banza ya same shi ba. Ba sani ba sabo a wurinsa. Duk yaron da ya tashi ranar Litinin yana nishi yana cewa jikinsa ba daɗi, minti uku a hammata sun isa a yanke hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara. Auta, 'yar Sista ta ƙarshe, ta taɓa tsoma shi a kofin shayi tana 'yar aji uku, ta kawo shi yana nuna arba'in da biyu. Sista ta ɗaga shi sama ta duba, ta dubi yarinyar da ke cin burodi hankali kwance, ta ce, "To, ko dai kin mutu ba mu sani ba, ko ki ɗauki jakarki." Maigida ma bai tsira ba. Zazzaɓinsa na musamman, wanda ke kama shi duk ranar da aka ce ya gyara ƙofar kicin, Alƙali bai taɓa tabbatar da shi ba ko sau ɗaya. Amma ranar da abin ya zama na gaske, jijiyar nan takan haura babu jan ƙafa, sai a ɗauki mayafi a kama hanyar asibiti. Yara huɗu ya gani sun girma a haka.

Ba mai surutu ba ne. Abin da aka sani na muryarsa shi ne ɗan "ƙwal" ɗin da yakan yi idan Sista ta tsoma shi a kofin gilashi don wanke shi bayan aiki.

A shekararsa ta ƙarshe maras lafiya ɗaya ya rage masa, ita ce Takwara, 'yar Auta, mai wata goma, wadda aka sa wa sunan Sista. Kullum da safe Auta kan ajiye ta a gidan kafin ta wuce makarantar da take koyarwa, ta dawo ta ɗauke ta da la'asar. Mijin Auta ya so a kai yarinyar gidan raino tun tana wata huɗu, wai don a hutar da tsohuwa. Sista ta ce, "Ina raye? Na raini 'ya'yan mutane shekara talatin a asibiti, sai tawa jikar za a kai wa baƙi?" Maganar ta mutu a nan. Gaskiyar magana kuwa, tun da aka yi mata ritaya yara kuma suka watse suka bar ta da Maigida da rediyonsa, ba ta da dalilin ɗaura ɗankwali da sassafe in ba yarinyar nan ba.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Talatar, Takwara ta yi ta rigima tun isowarta, haƙori na fitowa, jiki da ɗan ɗumi. Sista ta zaunar da ita a kan kafet, ta ɗauko Alƙali daga akwatinsa, ta kama shi ta kaɗa don jijiyar ta sauka, kamar yadda ta yi sau dubu nawa Allah kaɗai ya sani. A kaɗawa ta uku ya fita daga hannunta. Ya bugi ƙafar tebur, ya ce "tas", shi ke nan. Ko salati ba a samu an yi ba.

Marigayin ya bar akwatinsa na katako, da audugar ciki, da kofin gilashin da yake wanka. Ya bar wani ƙane na zamani mai batir, wanda Auta ta kawo shekara biyu da suka wuce, mai kukan tsako idan ya gama awo, wanda ke cikin durowa tun ranar ba a taɓa kallonsa ba. Ya kuma bar 'ya'ya da ba su ƙidayuwa, dukkansu an haife su a daidai lokacin da ya cika. Ƙananan ƙwallaye ne masu ƙyalli, marasa tarbiyya, ba wanda ya gaji natsuwar ubansa. Wasu suka gangara ƙarƙashin kujera, wasu suka shige tsagin tayil, wasu suka nutse cikin gashin kafet. Ɗaya ya tsaya tazarar taki guda daga Takwara, ita kuwa ta daina kuka nan take, ta yi dariya, ta miƙa hannu.

Sista ba ta san lokacin da ta sure ta ba. Ta fita da ita tsakar gida, ta duba tafin hannunta da bakinta da ƙafafunta, ta sauya mata riga, ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga, ta ce kada a dawo da ita sai an ji daga bakinta. Ta san abin da ke cikin falon nan. Zaiba ba ta da wari, ba ta hayaƙin da ido ke gani, amma tana tashi a iska a hankali, mutum ya yi ta shaƙa bai sani ba, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro da ta ɗan da ke cikin uwarsa ta fi cutarwa. Ga mai rarrafe kuwa, hancinsa a ƙasa yake wuni.

Tana juyowa sai ta ji "shaaa". Maigida ne, bawan Allah, ya ji ƙarar gilashi ya zo taimako da tsintsiya.

"Malam, ajiye! Ajiye tsintsiyar nan!"

"Gilashi fa nake kwashewa kada yarinya ta taka."

"Ka raba su gida ɗari! Wayyo ni, tsaya inda kake, kada ka ɗaga ƙafa."

Garin neman gira aka rasa ido. Shara ɗaya ya yi, amma ƙwallo goma sun zama ɗari, kowane ya kama gabansa. Shekara arba'in Sista na roƙon mutumin nan ya ɗauki tsintsiya, bai tashi ɗauka ba sai ranar da ba a so. Da haka iyalan ke ƙara sanar da rasuwar tsintsiyar, da silifas ɗin Maigida ƙafa biyu, da wani yanki na kafet mai faɗin sallaya wanda shi da kansa ya yanke da wuƙar aikinsa yana ƙunƙuni, domin abin da zaiba ta shiga cikin gashinsa ba ya wankuwa. Maƙwabciya ta aiko a tambaya ko a kawo injinta mai zuƙe ƙura. Aka mayar mata da godiya, aka ce ta riƙe abinta, don shi zafinsa zai tayar da zaibar ya fesa ta ko'ina, ya kuma zama gawa shi ma.

Tattara 'ya'yan marigayin ya ci awa uku. An buɗe tagogin waje duka, an rufe ƙofofin ɗakuna, an kashe fanka. Sista ta zare zobenta, domin zaiba na manne wa zinariya, ta sa safar hannu ta roba, ta durƙusa da gwiwoyin da likita ya hana durƙuso. Gilashin ta fara tsincewa ta naɗe a takarda. Sannan ta ɗauki kwali biyu tana kora ƙwallayen a hankali su haɗu, Maigida na kwantar da tocila a ƙasa don ƙyallinsu ya tona musu asiri. Manyan a zuƙe da sirinji marar allura a ɗiga cikin kwalba mai murfi, ƙananan a danna musu salatif su manne. Aiki ne na mai haƙuri da tsayayyen hannu, kuma a nan ne abin ya gagara. Duk sanda ta kusa haɗa su, sai kwalin ya yi rawa, su watse. Sau huɗu. A na biyar Maigida ya sa safa, ya karɓi kwalin daga hannunta, ya miƙa mata tocilar. Hasken ma rawa ya riƙa yi a kan tayil, dukkansu suna gani.

Da la'asar Auta ta iso, ta ji labari, ta rungume 'yarta a gidan maƙwabciya, sannan ta zo ta zauna a tsakar gida tana karanta illolin zaiba a waya, tana karantowa da ƙarfi kamar ba nas ce ta haife ta ba. Ciwon kai, kasala, mantuwa, saurin fushi, rawar hannu. Ta ɗago daidai lokacin da Sista ke kai kofin ruwa baki, ruwan na zuba a zaninta.

"Umma! Dubi hannunki. Wallahi zaibar ce, ta shiga jikinki."

Maigida ya sunkuyar da kai yana gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.

"Ki kwantar da hankalinki," in ji Auta, "tunda daga abin nan ne, zai wuce. Falo ya sha iska kwana biyu, ki huta, ran Litinin in kawo miki ita."

Sista ta ce to. Ta ce to, Allah ya yafe mata, ta bar wa mamaci laifin.

Wannan ne ya sa sanarwar nan ta makara har kwana huɗu, kuma shi ne babban dalilin fitar da ita. Sista ta gaji. Ta gaji da tunani, ta gaji da cika kofi rabi don kada ya zube, ta gaji da ɓoye hannun dama a ƙarƙashin mayafi idan an yi baƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyalan na so kowa ya shaida cewa Alƙali ba shi da hannu a rawar hannun uwar ɗakinsa. Ɗan abin da ke cikinsa, da aka kwashe a wuni ɗaya taga a buɗe, ba ya sa wa babban mutum rawa kafin la'asar, kuma ita ta fi kowa sani. Rawar ta girmi ranar Talata da wata bakwai. Ta fara ne da zaren da ya ƙi shiga allura, ta koma maɓallin riga, ta koma cokalin da ake ba Takwara magani. Ba zaiba ce ta kawo rawar ba, rawar ce ta kashe Alƙali, a gaban yarinya mai wata goma. Shekara talatin da huɗu bai yi wa kowa ƙarya a gidan ba, ba za a kai shi makwancinsa da ƙarya a kansa ba.

Jiya Juma'a Sista ta kira Auta ta faɗa mata da bakinta. Auta ta yi kuka, ta ce ai ba komai, ai za a ci gaba da kawo yarinyar, ai Baba na nan. Sista ta ce, "Wannan karon gilashi ne ya suɓuce, Auta."

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi wa marigayin wanka ba, ba za a zuba shi a kwata ko masai ba, ba za a ƙona shi ba, ba kuma za a binne shi a bayan gida inda ruwan sama zai same shi ba. Yana cikin kwalba a rufe gam, kwalbar cikin leda biyu, an rubuta abin da ke ciki da babban baƙi. Tsintsiya da silifas da yankin kafet da safofi da kwalaye na cikin tasu ledar a ɗaure. Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe za a ɗauke su zuwa inda ma'aikatan lafiya suka ce ana karɓar irin wannan shara mai guba. Auta ce za ta riƙe kwalbar. A hanya za a tsaya a gidan raino a sauke Takwara, wadda za ta fara zuwa a ranar, da jakar da kakarta ta shirya mata da kanta. Bayan an miƙa gawa, motar za ta wuce da Sista asibiti, ɓangaren jijiyoyi, inda za ta bi layi da katinta kamar kowa.

Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida, ba a falo ba. Masu ciki da masu goyo su dakata sai an sanar cewa ɗakin ya gama shan iska. Kada kowa ya zo da sabon ma'auni na gilashi, mai kukan tsakon zai gaji marigayin. Wanda kuma ya zo da jariri daga baya, ana roƙonsa ya bari sai Sista ta zauna, ta sa filo a cinya, kafin ya miƙa mata.

Allah ya ba mu haƙurin rashi.