Galaksin da Na Gano a Kudancin Katagum

Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, ko da na so mantawa, ɗalibaina ba za su bari ba.

Ina koyar da jogurafi a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a Azare. Wata tsohuwar ɗalibarmu ta aiko wa makaranta kyautar madubin hangen taurari, dogo kamar taɓarya, da ƙafafunsa uku. Firinsifal ɗinmu, Hajiya Laraba, ta tara malamai ta ce wa ya iya aiki da shi. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni na ɗaga hannu. (Ban taɓa ganin irinsa ba sai a waya. Amma ana neman wanda za a ba shugabancin sashen kimiyya a lokacin, kuma hannu ba ya neman izini kafin ya tashi.)

"To Malam," in ji Hajiya, "ranar taron iyaye sai ka nuna musu abin da ka gani."

Karatu kam na yi shi. Na haddace cewa galaksi tarin taurari ne masu ɗimbin yawa da ke tafiya tare, kuma ranarmu ɗaya ce tak daga cikin taurarin namu galaksin. Wasu a murɗe suke kamar naɗin faifai, wasu kamar ƙwai, wasu kuma ba su da fasali, kamar an watsa gero. Abin da ban karanta ba shi ne 'yar takardar da ta zo cikin kwalin madubin.

Masana sun ce a guji hasken gari, don haka na ɗauki madubin ran Juma'a na tafi gidanmu a Katagum. Bayan isha'i na kafa shi a bayan gida. Na yi ta juyawa, duhu kawai. Can ta kudu, ƙasa-ƙasa, tsakanin wasu bishiyoyin tsamiya biyu, sai ga shi: fari fat, mai siffar ƙwai, gefensa na dusashewa a hankali, daidai yadda yake a littafi. Na kara wayata a bakin madubin na ɗauki hoto. Washegari na koma, yana nan. Ran Lahadi ma yana nan. Na duba taswirar sama, babu wani galaksi a wurin. Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa na fara tunanin sunan da zan raɗa masa.

Ranar taro ɗakin ya cika. An haska hotona a bango, ya yi girman tabarma. Na yi bayanin ire-iren nan uku, na ce hasken wasu yakan yi shekaru miliyoyi a hanya kafin ya iso idonmu. Sannan na gyara hula na ce wannan da suke gani ba ya cikin taswira, mai yiwuwa ni ne mutum na farko da ya gan shi. Aka tafa. Hajiya ta rubuta wani abu a takardarta.

Sai wani dattijo ya ɗaga sandarsa daga baya. Ardo Buba ne, makiyayi, jikarsa na aji biyar.

"Malam, sannu da ƙoƙari. A ina ka ce ka tsaya?"

"Bayan gidanmu a Katagum, Baba. Ina fuskantar kudu."

"Da dare ya yi nisa, ina ya koma?"

"Bai koma ko'ina ba. Kwana uku yana wuri ɗaya, tsakanin tsamiyoyi biyu." (Da alfahari na faɗi wannan. Ina ganin hujja ce.)

Ardo ya gyaɗa kai. "Ni dai ban yi boko ba. Amma tun ina yaro a waje nake kwana da shanu. Kaza da 'ya'yanta tafiya suke. Zara tafiya take. Duk abin da ke sama daga gabas yake fitowa ya faɗa yamma."

"Akwai tauraron da ba ya motsi, Baba," na ce, don na tuna shi a littafi.

"Akwai. Yana arewa. Kai ka ce kudu."

Na ji gumi na bin bayana har cikin wando.

"Tsamiyoyin nan na san su," ya ci gaba, ba tare da ya ɗaga murya ba. "In ka bi ta tsakaninsu ka miƙe, rugarmu za ka tarar. Bara aka haƙa mana rijiyar burtsatse, aka ɗora tanki a kan dogon ƙarfe, aka sa fitilar sola a samansa. Ita ce wannan. Sai dai ka ƙara mata kyau."

Ba wanda ya yi dariya nan take, kuma wannan ya fi ciwo. Wata uwa a gaba ce ta fara, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga nan sai ɗakin ya ɓarke da dariya. Hajiya ta ja layi a kan abin da ta rubuta ɗazu. Ni kuma sai na ji bakina ya ce, "Akwai mai wata tambayar?"

Malamin lissafi aka ba shugabancin. Shi ne ma ya nuna mini wani ɗan maballi a gefen madubin, wanda ake murzawa hoto ya fito sosai. Da na murza shi a Katagum, da har tsatsar tankin na gani.

Bayan wata biyu, da kaka ta yi, na sake gwadawa, wannan karon da taswira da haƙuri. Na sami galaksi na gaske, wanda ake kira Andromeda: ɗan tabo dishi-dishi, kamar yatsa ya goge alli a allo. Na jira sa'a guda, na ga ya matsa. Na kai hoton aji. 'Yan matan suka duba, suka dubi juna, ɗaya ta ce, "Malam, na farkon ya fi kyau."

Gaskiyarta. Yanzu duk abin da na gano, ina ba shi sa'a guda in ga ko zai motsa. In kuma ya cika kyau, sai in fara tambaya ko yana da mai shi.